Kwana huɗu, dutse biyu, ga kuma Hajiya: ina za mu dosa?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Garwa, a arewacin Kamaru, 'ya'yanmu uku: babbar shekararta 12, mai bi mata 8, autan bai cika 3 ba. Maigidana yana da shagon kayan gini, tun da muka yi aure bai taɓa barin shagon don hutu ba. Bana da ƙyar na shawo kansa ya yarda mu fita kwana huɗu a hutun makaranta na ƙarshen Disamba, mun ware jaka 250, wato sefa dubu 250. Ni Rumsiki nake so, hotunan duwatsun nan sun hana ni sakat. Shi kuma ya ce Ngaundare, mu sauka gidan yayansa, babu kuɗin masauki. Da Hajiya mahaifiyarsa ta ji, sai ta ce ƙafarmu ƙafarta, ga ta da ciwon gwiwa. Anti, na san abin da zai faru, zan bar murhuna ne in je in tsuguna gaban murhun wata. Ba na son in ɓata wa kowa rai, amma wannan ba hutu ba ne. Yaya zan yi?

Maman uku, Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, ki riƙe maigidan nan naki hannu biyu. Ɗan kasuwar da zai juya wa shagonsa baya kwana huɗu don iyali su sha iska ba a kowane layi ake samunsa ba, kuma in wannan fitar ta zo da tsiya, ba za ki ƙara jin "to" daga bakinsa ba sai yaran nan sun yi aure. Tafiyar da muke nema ita ce wadda shi da kansa zai ce a sake baɗi.

Ga ra'ayina a dunƙule: ku tafi Ngaundare, ku tafi da Hajiya, amma ke da shi da yara kada ku kwana a gidan yayansa. A zaɓen gari ya fi ki gaskiya, a zaɓen makwanci kin fi shi.

Ban ga laifinki ba da Rumsiki ta shiga ranki. Hoto bai yi miki ƙarya ba. Waɗannan duwatsu na ƙasar Kapsiki ragowar tsaunukan aman wuta ne, ruwa da iska suka zaizaye ƙasar da ta lulluɓe su, suka bar su a tsaye cirko-cirko a tsakiyar fili, wanda ya fi suna a cikinsu yana kan mita 1,224 daga saman teku. Ga masaƙa, ga maƙera, ga mata masu ginin tukwane, har da bokan nan mai duba da ƙaguwa da Turawa suke tururuwa wajensa a da, wanda shi kam ba hurumimmu ba ne. Sai dai ki ɗauko alƙalami. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai. Marwa zuwa Mokolo wajen 80. Daga Mokolo kuma akwai sauran wajen 50, kuma wannan guntun na ƙarshe shi aka daɗe da sani da burji da duwatsu da ƙura. Kwana huɗu dama kwana biyu ne, don na farko na zuwa ne, na ƙarshe na dawowa. Ki ɗora tsohuwa mai ciwon gwiwa da yaron da bai cika uku ba a kan wannan hanya, rabin kwana biyun nan a jinyar jiki zai tafi.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa. Rumsiki tana cikin gundumar Mayo-Tsanaga, tsakaninta da iyakar Najeriya bai wuce kilomita 3 ba. Tun watan Fabrairu na 2013 da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, baƙi suka ɗauke ƙafa daga jihar Arewa Mai Nisa, inda Rumsiki take, harkar yawon buɗe ido ta durƙushe. Gaskiya ne hare-haren sun fi yawa a arewacin Mokolo, wajejen Turu da Mayo-Moskota, kuma mutanen Rumsiki suna garinsu, suna noma suna cin kasuwa, ana zuwa ana dawowa lafiya. Amma wuri ne da ake tambayar hukuma da 'yan gari halin da hanya ke ciki a makon tafiya, ba a dogara da labarin watan jiya. Fitarku ta farko da yara uku ba ta dace da zama ana saurare-saurare ba. Ki ajiye Rumsiki sai auta ya yi ƙwari, kun sami mako guda, kuna kuma da wani a Mokolo da zai tarbe ku ya raka ku.

Kada ki ɗauka an yi miki musaya da abin banza. Ku a Garwa kuna zaune ne a kwarin Binuwai, da kaɗan kuka haura mita 200 daga saman teku. Ngaundare tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,100. Wannan tazarar ita ce za ki ji a fatarki tun kafin ki sauka daga mota. Nisan wajen kilomita 280 ne a kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, kwalta ce, motocin ajans, wato na kamfanonin sufuri, suna tashi kullum. Ga dutse a bakin gari, ga tafki, ga ruwa mai zubowa daga tsauni, ga asibiti kusa in wani abu ya taso, ga Hausa da Fulatanci duk inda kika juya.

To, mu zo kan abin da ya sa kika rubuto, don na lura ba dutse ne ya hana ki barci ba.

Tsoronki yana kan hanya. Matar da ta sauka gidan yayan miji baƙuwa ce ta awa ɗaya. Daga an sha ruwa an gaisa, kunya ba za ta bar ki ki zauna faccalarki tana kai-komo tsakanin madafi da tsakar gida ba, kuma ita ma ba laifinta ba ne, mutum shida aka ƙara mata a tukunya. Maza za su fita majalisa, yara za su bazama da 'yan uwansu, ke za ki yi ta yankan albasa da wanke-wanke har Lahadi. Wannan sunanta ziyara. Ziyara tana da lada, amma ba ita kika roƙa ba, kuma ba don ita kika tara kuɗi ba. Shi maigida bai hango wannan ba ne kawai, don shi duk inda ya sauka abinci yana zuwa masa a rufe.

Amma in kuka shiga garin da yayansa yake kuka wuce otal kai tsaye, kun sayi maganar da za a yi shekara ana yi, kuma a kanki za ta ƙare: ita ce ta raba shi da 'yan uwansa. Nan ne Hajiya ta zame miki rahama ba ki sani ba. Ita za ta sauka gidan babban ɗanta. Gidan da uwa ta sauka an gama girmama shi, babu mai cewa an raina shi. Ita kuma, in kin bibiya, ba tafki ne ya sa ta ce ƙafarku ƙafarta ba, ɗanta da jikokinta na can take marmari. Za ta sami ɗakinta, da mai kawo mata ruwan alwala da ɗumi, da hira har dare, abin da otal ba zai ba ta ba.

Wannan magana kuma ba daga bakinki za ta fito ba. Ki zauna da maigida ku biyu, ba a gaban yara ba, ba kuma lokacin da ya shigo a gajiye ba. Kada ki ce ba kya son gidan Yaya. Ki ce masa kina jin nauyin ɗora wa matar Yaya ɗawainiyar mutum shida, kuma kina son ko sau ɗaya ki ci abincin da ba ke kika dafa ba. Duka biyun gaskiya ne. Sai shi ya kira yayansa, kamar saura mako biyu, kafin a share muku ɗaki a yi cefane. Ya ce masa: "Yaya, za mu shigo ranar Alhamis da Hajiya, ita a wajenka za ta sauka. Mu na riga na kama ɗaki saboda ƙiriniyar yaran nan, kada mu takura gida. Amma Juma'a daga masallaci a gidanka za mu ƙarasa ta." Ki lura da "na riga na kama". In ya ce "muna tunanin kamawa", an gama da ku. Yaya zai yi faɗa, zai ce ashe ya zama bare. A bar shi ya yi, haƙƙinsa ne, ƙani ya ba da haƙuri ya yi dariya. Faɗan ba ya kai wa Juma'a in tsaraba ta yi kyau.

Ranar Juma'ar nan kuwa, ƙanwata, ki tuɓe mayafi ki shiga madafi da fara'arki, ki kama wa faccalarki aiki kamar gidanku. Yini ɗaya ne kika sayi kwana uku da shi.

Masaukin da za ku nema, ki sa baki a ciki. Ƙarshen Disamba lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara ne, ɗakuna suna cika, kuma ƙananan masaukai da yawa suna haɗe da mashaya, kiɗa har asuba. Tambaya ta farko ke nan: akwai mashaya a harabar? Ta biyu ruwan zafi, ta uku bargo, ta huɗu ko akwai ɗaki biyu masu kallon juna ko babba ɗaya da za a ƙara katifa. Kada a tura wa wanda ba a gani ba kuɗin kwana uku ta waya don ya turo hoto mai kyau. Maigida ɗan kasuwa ne, ba zai rasa abokin hulɗa a Ngaundare da zai je ya leƙa ɗakin da banɗakin da idonsa ba, sannan a ba da kafin alƙalami na kwana ɗaya. Za a ba ku shawarar gidajen nan da ake haya kwana-kwana da kayan ɗaki da madafi, a ce ya fi araha. Ya fi, amma ki yi hattara, duk inda aka ga tukunya da gas za a waiwayo a dube ki. In shi kuka kama, ki faɗa tun a Garwa cewa wutar nan ta shayi ce da kunun auta kaɗai.

Ku tashi Alhamis, motar farko bayan sallar asuba. Dalilina Falez ne, hawan nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke bayan garin Mbe. Layin dogo da ya taso daga Yawunde ya iso Ngaundare a 1974, a nan kuma ya tsaya, don haka duk kayan da jirgin ƙasa ya kawo na arewa da na Cadi tirela ce ke kwasar su, kuma da yawansu ta wannan gangaren suke bi. Ba wurin da za a so dare ya riski iyali ba ne. A nema wa Hajiya kujerar gaba ko wadda za ta miƙe ƙafa, ko da an ƙara kuɗi. Yara kada a cika musu ciki da mai da madara kafin hawan, ki riƙe leda da tsumma a jakar hannu, ba a buhun da aka ɗaure a saman mota ba. Katin shaida na manya da kwafin takardar haihuwar yara su ma a jakar hannu, don jandarma ba ya jiran a kwance kaya. In motar gida ce, a duba birki da taya kafin ranar.

Da yammacin Alhamis ɗin, bayan an kai Hajiya an gaisa an ɗan miƙe, ku kai yara wajen tashar jirgin ƙasa. Jirgin fasinja na Yawunde da yamma yake tashi ya kwana a hanya, ku tambayi lokacin a masauki. Yaron da aka haifa a Garwa bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafi, kuma ina tabbatar miki ɗan shekara 8 ɗin nan zai manta tafki ya manta fada, wannan ne zai kai wa 'yan ajinsu labari. Ko sisi ba za ku kashe ba sai na gyaɗa.

Juma'a da hantsi ku fara da fadar Lamiɗo. Masarauta ce da Arɗo Njobdi ya kafa a shekarun 1830 a ƙasar Mbum, ki gaya wa babbar 'yarki wannan tun a mota don ta shiga da ido biyu. Abin kallo zaurukan ne, da dogon rufin ciyawa da ya sauko kusan ƙasa, da manyan ginshiƙai na laka da aka zana aka shafe da launi, ciki da sanyi da duhu-duhu ko da rana ta take. Ana cire takalmi, ana neman izini kafin ɗaukar hoto, ana kuma ba bafaden da ya zagaya da ku wani abu. In lokacin salla ya kusa, ki sami gefe ke da babbar 'yarki ku tsaya, Lamiɗo yana fitowa zuwa masallaci da rakiyar fadawa cikin manyan riguna da rawuna, ga algaita ga ganguna. Daga masallaci sai gidan Yaya, kada ku tashi sai bayan isha'i.

Asabar taki ce. Ke ce mai son dutse, don haka kada ki yarda a bar ki da riƙon auta a ƙasa maza su hau su dawo su ba ki labari. Ku kai shi wajen kakarsa da sassafe, ku huɗu ku nufi Dutsen Ngaundare, wanda ƙaton dutse ke zaune a ƙoƙuwarsa ana hango shi daga cikin gari. Ba hawan yini ba ne, amma ba a yin sa da silifas. Takalmi mai rufi, wando a ƙarƙashin doguwar riga, gorar ruwa a hannun kowa, busasshiyar ciyawa a kan falalen dutse santsi gare ta. Ku nemi ɗan gari da masauki ya sani ya yi muku jagora, ku hau da safe lokacin da akwai mutane, ba da almuru ba. In hazon hunturu ya yi kauri ba za ki ga nesa sosai ba, amma garin zai shimfiɗu a ƙarƙashinki, da hasumiyoyin masallatai da bishiyoyin mangwaro.

Bayan azahar ku yi shatar mota, a biya a ɗauko Hajiya, kada ta ji kamar an kawo ta an ajiye. Tafkin Tizon yana kudu da gari, tafiyar 'yan mintuna, bakin tsohon dutsen aman wuta ne da ruwa ya cika, itatuwa sun kewaye shi. A shimfiɗa wa Hajiya tabarma a inuwa, a buɗe kilishi. Yara kuma ko ƙafa kada su tsoma: irin wannan tafki gefensa gangare ne, zurfinsa ba ya sallama, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. In da sauran ƙarfi ku ƙarasa inda kogin Vina ke zubowa, wajen kilomita 15 daga gari ta hanyar Meiganga, ko da yake a Disamba ruwan ya fara ja baya. Za a kwaɗaita muku na Tello, wanda ya fi shi tsayi, har ana shiga kogon da ke bayan ruwan. Yana da kyau, amma wajen kilomita 50 ne ta hanyar Belel, yini guda yake ci. Ku bar shi. In kun ga yara sun fara ƙananan koke-koke tun a tafki, Vina ɗin ma ku bar ta ku koma ku kwanta, ba jarrabawa kuka je ba.

Ku yi ciniki da direba a gama tun kafin a shiga mota: ina da ina, zai jira ko zai dawo, man a kan wa. Kada a loda yara uku a kan klando, wato babur ɗin haya, don a rage jaka ɗaya.

Jaka 250 za ta isa in ba a fara rabon ta a gidan Yaya ba. Ki cire 30 ki naɗe a wuri dabam, ba a taɓa ta sai ciwo ko lalacewar mota. Masauki na kwana uku kada ya haura 80. Ki ware kuɗin motar dawowa tun ranar zuwa. Tsarabar gidan Yaya ku saye ta a Garwa, busasshen kifin madatsar ruwan Lagdo ya fi duk abin da za ki saya a can daraja a idonsu, ki haɗa da turmin atamfa na faccala. Abin da ya rage shi ne na ci da shata. Ƙasar shanu ce, nama da kindirmo ba sa tsada kamar yadda suke daɗi, ga zumar Adamawa. In kin shiga kasuwa, wadda suke kira ƙaramar kasuwa ita ce babbar, kada sunan ya ruɗe ki.

Sanyi kuma ki ɗauke shi da gaske. Mutumin Garwa yana jin an ce sanyi ya yi murmushi, amma asubahin Disamba a kan tudun nan yakan sauko ƙasa da digiri 15. Rigar sanyi ga kowa, hula da safa ga auta, man shafawa saboda faso da tsagewar leɓe, ga Hajiya kuma bargonta da man zafinta da magungunanta na kullum da ƙarin na kwana biyu. Sanyin bai kori sauro ba, a duba akwai gidan sauro. Maganar salla, tafiyar ta kai ta ƙasaru, kuma tunda niyyar zamanku ba ta cika kwana huɗu ba kuna da rangwame, maigida ya ƙara tambayar malaminsa.

Abu ɗaya zan roƙar wa maigida: kada ki tsare shi a kan waya. Mutumin da bai taɓa barin shago ba, jikinsa ne zai zo, rabin hankalinsa yana kan buhunan siminti. Ku yi yarjejeniya ya kira yaron shago sau biyu, da safe da bayan la'asar, sauran lokacin wayar ta zama ta ɗaukar hoto. In ya karya sau ɗaya ko biyu, ki yi kamar ba ki gani ba.

Lahadi ku kamo hanya da safe, a sauka Falez da ido. Hajiya tana iya cewa ita za ta ƙara mako a wajen babban ɗanta, in ta ce haka kada a matsa mata, Yaya zai sa a kawo ta. In mota ta tsaya a Mbe, nan ne wurin doya, ki sayi tsarabar maƙwabta a nan ki huta da yawon kasuwa. Ku shiga Garwa kafin la'asar, a sayo abincin dare a waje, wanki kuma ya jira Litinin.